Idan laburare ya nemi abu bai samu ba, me ya kamata ya mayar?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta ƙaramin laburare (tarin kod da ake sakawa cikin wasu manhajoji) da yaren kwamfuta na TypeScript, wanda masu manhajojin ciniki a kasuwar Mile 12 ta Legas za su riƙa jawo farashin kaya da shi. In an nemi farashin kwandon tumatir na yau, alhali ba a shigar ba tukuna, me zan mayar: null (alamar babu komai), ko 0, ko in jefa kuskure (wato aikin ya tsaya da saƙon matsala)?

Malamin Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Sifili kam, kada ma ka soma. Shi ma farashi ne, zai kutsa cikin lissafi ba wanda ya sani. A ce dillali ɗaya ya shigar da naira 40,000, wani 44,000, na uku bai shigar ba: matsakaicin da ya kamata ya zama 42,000 sai ya dawo 28,000, kuma manhaja ba za ta ce uffan ba har sai an yi ciniki a kai.

Jefa kuskure ma bai dace ba. Rashin farashi da asuba, kafin motoci su sauke kaya, abu ne na kullum. Ajiye kuskure don katsewar intanet ko lalacewar rumbun bayanai. Ka rubuta a fili cewa aikin yana mayar da `number | undefined`, wato lamba ko alamar ba a sa komai ba, sannan ka kunna strictNullChecks, saitin da ke tilasta duba null da undefined, wanda ya zo da TypeScript 2.0 a 2016. Daga nan kwamfaila, manhajar da ke duba kod ta fassara shi, ba zai bari a yi lissafi da sakamakon ba sai an duba shi.

'Yar Yaba:
Malam, na yarda, sai dai ni null zan zaɓa in bayanan za su bi ta JSON, tsarin rubutun da manhajoji ke musayar bayanai da shi. `JSON.stringify` yana zubar da gurbin da ke ɗauke da undefined gaba ɗaya, amma yana barin null a inda yake.

Kuma ɗan'uwa, ka kula da alamar `||` da ake sa madadi da ita in abu babu. In ka rubuta `dako || 500` alhali dakon kyauta ne, wato 0, za a caji mai saye 500. Yi amfani da `??`, shi null da undefined kaɗai yake maye wa gurbi. In jeri kake mayarwa kuma ba komai, ba da jeri fanko.

Malamin Idi-Araba:
Gaskiyarki, Hajiya, a ɗauki null a tsaya a kansa ko'ina. Masanin kwamfuta Tony Hoare da ya shigo da null cikin yaren kwamfuta na ALGOL W a 1965 ya kira shi kuskuren dala biliyan a 2009, don a wancan tsarin ba abin da ke tilasta dubawa. A TypeScript, alamar `!` tana kashe wannan dubawar, saboda haka kada ka sa ta ko a misalan da za ka rubuta wa masu amfani da laburarenka.