Kwana goma a Italiya bayan bikin kammala karatu: ina ya dace mu nufa?

Abban Sadiƙ, Kano:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suke zaune a Italiya ko suka taɓa zagaya ta. Babban ɗana zai kammala digirinsa na biyu a Jami'ar Bologna a farkon watan Oktoba, kuma cikin ikon Allah ni da mahaifiyarsa mun samu biza za mu halarci bikin. Bayan an gama, muna da kwana goma kafin mu dawo gida. Yaron ya aiko mana da jerin garuruwa har takwas, tun daga Venezia har Napoli, amma da na dubi taswira sai na ga rabin kwanakin a tashar jirgin ƙasa za su ƙare. Abin da muke so shi ne mu ga bakin teku, mu ga ƙauye da gonaki, mu ga wani abu na tarihi, ba tare da mun galabaita ba, domin Hajiya tana fama da ciwon gwiwa. Sai kuma batun abinci da wurin sallah, waɗanda su ne suka fi tsaya mini a rai.

Baban Yusra, Brescia:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Shawarata ta farko ita ce ku rage jerin nan zuwa masauki uku, domin ɗaukar jaka daga wannan otal zuwa wancan shi ne yake cinye ƙarfin matafiyi. Kun yi dace da Bologna, saboda mahaɗar layukan dogo ce: jirgi mai sauri yana kai mutum Firenze cikin kimanin minti 40, birnin Rum kuma cikin awa biyu da 'yan mintoci. Kamfanoni biyu ne suke wannan zirga-zirga, Trenitalia mai jirgin Frecciarossa, da kuma Italo, kuma wanda ya sayi tikiti da wuri ta intanet yana samun rangwame mai yawa.

Inda baƙi suke yawan faɗawa cikin matsala shi ne ƙananan jiragen da ake kira regionale. Idan tikitin takarda kuka saya a tasha, wajibi ne ku zura shi cikin 'yar na'urar da take bakin dandamali ta buga masa lokaci kafin ku hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ku tara ko da kun nuna masa kun biya. Ku kuma riƙa tambayar yaron ko an sanar da yajin aikin sufuri, wanda suke kira sciopero, domin ana bayyana ranarsa tun kafin ta zo.

Maman Ilham, Padova:
Baba Alhaji, barka da wannan farin ciki, a gaida Hajiya. Ni zan yi magana a kan abinci, domin shi ne ya fi ba ni wahala a shekarata ta farko. Naman alade yana shiga girkinsu ta hanyoyin da ido ba ya gani. Ku riƙe waɗannan kalmomi a takarda: maiale shi ne alade, prosciutto da pancetta da guanciale duk namansa ne, strutto kuma kitsensa ne. Wannan na ƙarshe shi ne mai ruɗi, domin ana kwaɓa fulawa da shi, musamman a yankin da Bologna take, inda gurasarsu ta piadina bisa al'ada da shi ake yin ta. Tortellini da mortadella da garin ya yi suna da su ma duk akwai alade a ciki. Shinkafar risotto sau da yawa ana zuba mata giya tun a farkon dahuwa, saboda haka a tambaya.

Kada wannan ya tsorata ku. Idan kuka ce "senza maiale, senza vino", wato ban da alade, ban da giya, za su fahimta, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba. Taliya da miyar tumatir, gasasshen kifi, fiza margherita da ganyayyaki da man zaitun suna ko'ina. A manyan garuruwa akwai shagunan naman halal, yawanci a unguwannin da suke kusa da babbar tasha. Idan kuka ga an ƙara wani ɗan kuɗi mai suna coperto a takardar biya, ba cuta ba ce, kuɗin zama a tebur ne da burodi.

Ɗan Autan Zariya, Torino:
Baba, ni dai a ganina bai kamata a zo Italiya a koma ba a ga Cinque Terre ba. Ƙauyuka biyar ne manne da duwatsu a bakin tekun Liguriya, Monterosso da Vernazza da Corniglia da Manarola da Riomaggiore, gidajensu kala-kala, kuma jirgin ƙasa daga La Spezia yana tsayawa a kowannensu. Daga nan sai ku ɗauki hayar mota ku shiga karkarar Toskana, domin ƙauyukan can ba duka jirgi yake kaiwa ba.

Maman Ilham, Padova:
Ƙanena, wurin yana da kyau babu musu, amma ka manta da gwiwar Hajiya. Daga tashar Corniglia zuwa cikin ƙauyen akwai matakala kusan 380, kuma ko da yake akwai ƙaramar bas, sauran ƙauyukan ma hawa da gangara ne. Na kai mahaifiyata Manarola, ta zauna a kan wani benci kusa da tasha ta ce mu je mu dawo mu same ta, kuma har yau ina jin nauyin abin a raina. Monterosso ce kaɗai take da shimfiɗaɗɗen bakin ruwa da dattijuwa za ta taka cikin natsuwa.

Baban Yusra, Brescia:
Batun hayar mota ma ina da ja a kansa. Tsakiyar kusan kowane tsohon gari akwai yankin da aka hana baƙin motoci shiga, alamarsa farin faifai mai jan da'ira da haruffan ZTL, kuma kamara ce take gadinsa. Na taɓa shiga irin wannan yanki sau biyu a yini guda ina neman wurin ajiye mota, ban san na yi laifi ba sai bayan watanni da takardun tara biyu suka iso ni. Idan yaron ya saba tuƙi a can, to shi ya riƙe sitiyari na kwana ɗaya ko biyu, amma kada Alhaji ya ɗora wa kansa wannan nauyi.

Alhaji Mai Ƙirgi, Kano:
Abban Sadiƙ, ina taya ka murna. Ni harkar fata ce ta riƙa kai ni Toskana. Tsakanin Firenze da Pisa akwai wani gari, Santa Croce sull'Arno, wanda shi da maƙwabtansa suke cike da masana'antun jima, kuma Italiya tana cikin manyan masu sayen fatar awaki da tumaki da ake fitarwa daga Nijeriya. Idan ka ɗaga jaka a kasuwar San Lorenzo ta Firenze, ka shinshina ta, ka murza bakinta da yatsa, domin ba duk abin da aka baje a rumfunan nan ne aikin garin ba.

Amma abin da zan ba ka shawara shi ne ku kwana biyu a gidan gona da suke kira agriturismo, a kudu da Siena, yankin Val d'Orcia. Manomi ne yake ware ɗakuna a gidansa ya sauki baƙi, a ci abin da gonar ta bayar. Wajen ƙarshen Oktoba ake shiga tsinkar zaitun, ana shimfiɗa raga a gindin bishiya a karkaɗe 'ya'yan, a kai su matsa a ranar ko washegari. Sabon man kore ne shar, yana ɗan kartar maƙogwaro, kuma a kan burodinsu marar gishiri ake zuba shi. Idan kuka shiga Siena, ku zauna a dandalin Piazza del Campo, inda goma daga cikin unguwannin garin 17 suke gasar sukuwar dawaki ba sirdi a ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta. Ba za ku tarar da gasar ba, amma tutocin unguwannin suna nan a bango, kuma duk Bakanon da ya san yadda ake ji da hawan sallah zai gane abin da dokin yake nufi a wurinsu.

Malam Ɗan Damagaram, Palermo:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da 'yan'uwa suka faɗa, kuma na lura babu wanda ya sauko kudu. Alhaji, idan tarihi kuke so tare da teku, ina roƙonku ku ba Sisili kwana huɗu, wato tsibirin da littattafanmu suke kira Siƙilliyya.

A shekarar 827 rundunar Musulmi daga Tunisiya ta yau ta sauka a Mazara, kuma jagoranta alƙalin Ƙairawan ne, Asad ɗan Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina, wanda kuma littafinsa ne Sahnun ya tace har aka samu Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya. An ci Palermo a 831, ta zama babban birnin tsibirin har Normawa, mayaƙan Kiristoci 'yan asalin arewacin Faransa, suka karɓe ta a 1072. Duk wanda ya karanta Muhtasar a zaure ya san Shehu Halil ya ambaci malamai huɗu a gabatarwarsa, to biyu daga cikinsu, Ibn Yunus da Mazari, da wannan tsibiri ake danganta su. Ranar da na fara sauka a tashar Mazara del Vallo na ga sunan a allo, sai da na tsaya na maimaita shi, domin tun ina yaro nake jin malaminmu yana cewa "ƙalal Mazari", wato "Mazari ya ce", ban taɓa tunanin gari ne da mutum zai taka da ƙafarsa ba.

Sarakunan Normawa ba su kori masu sana'a da malaman da suka tarar nan take ba. A fadar Sarki Roger na Biyu ne Idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154. Ku shiga ɗakin ibadar fadar, Cappella Palatina, ku ɗaga kai ku ga rufin katako mai sassaƙa irin ta masallatai, sannan ku je fadar Zisa, wadda sunanta daga al-Aziza ya fito, ku ga yadda aka bi da ruwa ta tsakiyar zaure domin sanyaya ɗaki. A shirayin babban cocin garin akwai wani ginshiƙi na hannun hagu wanda aka zana ayar Alƙur'ani a jikinsa, daga Suratul A'araf, yawancin masu wucewa ba sa ma lura da shi. Tsakiyar Palermo shimfiɗaɗɗiya ce, Hajiya za ta iya tafiya a hankali, kuma akwai masallaci a cikin tsohon garin.

A kasuwar Ballarò za ku ci panelle, wanda ake soyawa da garin wani irin wake, ɗan'uwan ƙosai ne. Amma ku guji burodi da saifa da ake sayarwa a titi, domin cikin kitsen alade ake soya ta, haka ma ɓawon cannoli bisa al'ada. A kasuwar za ku haɗu da 'yan Afirka ta Yamma da yawa, wasunsu ta Agadas da Libiya suka biyo suka tsallako teku, wani lokaci har Hausa za ku ji. Ku yi musu sallama, suna jin daɗin ganin dattijo daga gida. Teku kuwa, Cefalù tana da nisan kimanin awa guda a jirgin ƙasa, ga yashi ga gari a wuri ɗaya, kuma a Oktoba zafi ya sauka, cunkoso ya ragu.

Ɗan Autan Zariya, Torino:
Malam, na karɓi gyara, kuma ni kaina kun sa mini sha'awar zuwa. Abin da zan ƙara shi ne, idan za su gangara kudu ta Napoli, su ga gaɓar Amalfi ta jirgin ruwa daga Salerno maimakon bas, domin titin siriri ne mai yawan kwana a gefen dutse, yana sa jiri. Sai dai su tabbatar da jadawalin, tunda jiragen suna raguwa idan kaka ta yi nisa ko teku ta tashi.

Abban Sadiƙ, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Hajiya dukkan saƙonnin, kuma ga abin da muka tsayar: kwana uku a Toskana, ɗaya a Firenze biyu a gidan gona, yaron ne zai tuƙa, kwana biyu a Rum, sauran a Palermo, tare da yini guda a Mazara, domin mahaifina ya karantar da Muhtasar shekaru masu yawa kuma ina so in ga garin. Venezia da Cinque Terre da Amalfi sai wani jiƙon in Allah ya nufa. Tambayata biyu ce ta rage: a ina zan samu Juma'a a Rum, kuma wace hanya ce ta fi sauƙi zuwa Palermo?

Baban Yusra, Brescia:
Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana arewacin birnin kuma yana cikin mafiya girma a Turai. Ku hau ƙaramin jirgin da yake tashi daga Piazzale Flaminio ku sauka a Campi Sportivi, ku bi ayarin masallata, ba za ku ɓata ba.

Malam Ɗan Damagaram, Palermo:
Hanya uku ce, Alhaji. Jirgin sama daga Rum kimanin awa guda ne. Jirgin ƙasa yana cin yini ko dare cur, amma a Villa San Giovanni ana shigar da taragun cikin jirgin ruwa a tsallaka da su zuwa Messina, fasinja kuma yana iya hawa sama ya sha iska. Saboda gwiwar Hajiya, ni na fi son ta uku: ku sauka Napoli da la'asar, ku shiga jirgin ruwan dare, ku kama ɗaki mai gado, ku yi sallar asuba a cikinsa, da hantsi kuna Palermo. Ku sanar da ni ranar, in Allah ya yarda zan tarye ku a bakin tashar.