Kwana huɗu a Gordes da Hajiya da yara: ina za mu fara?

Maman Hanifa (Lyon): Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Mahaifiyata ta zo mana daga Maraɗi, kuma maigida ya kama mana gida a Gordes, can yankin Luberon a Provence, kudancin Faransa, a farkon Yuli. Za mu isa Litinin mu juyo Juma'a. Mu biyar ne, har da yara biyu, mai shekara 9 da mai 4. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, amma ba ta son zaman ɗaka ko kaɗan. Waɗanda suka san wurin, me za mu gani, me za mu bari?

Ɗan Damagaram (Avignon): Wa alaikumus salam. Barka da zuwan Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Da mota dai za ku zo ko? Jirgin ƙasa ba ya zuwa Gordes, bas kuma kaɗan ne. Ku biyo babbar hanyar A7 ku sauka a Cavaillon. Tun da Litinin ce, in kun yi sammako za ku tarar da kasuwar garin tana ci. Nan za ku sayi naman halal a wajen mahauta Larabawa, don a can saman dutse ba za ku samu ba. Kada ku wuce malon Cavaillon, lokacinsa ne, tun daga nesa ƙamshinsa zai kira ku.

In kun kusa Gordes, kafin kwanar ƙarshe akwai wani ɗan fili a bakin hanya inda ake ganin garin gaba ɗaya, gida bisa gida har zuwa fada da coci a can ƙololuwa. Hajiya za ta gani ba tare da ta taka tudu ba. Da la'asar sakaliya ya fi kyau, rana na haska duwatsun.

Maman Hanifa (Lyon): Da motarmu za mu zo, Malam. Na gode. To cikin garin fa, gwiwarta za ta iya?

Goggo Rabi (Marseille): 'Yata, gaskiya zan gaya miki, cikin garin ba na mai ciwon gwiwa ba ne. Lungunan duk da duwatsu aka shimfiɗe su, ƙafa ta goge su har sun yi santsi, ga gangara mai tsini. Saukar ma ta fi hawan cin gwiwa. Ku sauke ta a dandalin da ke gaban fadar, nan shimfiɗe yake, akwai inuwa da wurin zama. Ranar Talata da safe kasuwa ke ci a wurin: zuma, man zaitun, sabulu, cukun akuya, kayan ƙamshi. Wannan ya ishe ta yini guda, ta zauna ta sha kallon jama'a, ta sayi tsaraba. Ku matasa ku sauka lunguna ku dawo ku same ta. Ki isa kafin ƙarfe 9, in ba haka ba wurin ajiye mota zai gagare ku. Keken turin yaro kuma ki bar shi a gida, goyo ya fi.

Abdul Ɗalibi (Montpellier): Anti, ni dai abin da ba zan yarda a bari ba shi ne Sénanque. Kusan kilomita 4 ne daga Gordes, a cikin kwari. Gidan ibada ne na rahibai Kirista da aka kafa a 1148, kuma har yau suna zaune a ciki, suna noman labanda, furen da ake turare da shi, da kiwon zuma. Farkon Yuli daidai lokacin furen ne, gonar gaban ginin za ta yi shuɗi shar. Wanda ya zo ƙarshen wata sau da yawa yakan tarar an girbe.

Goggo Rabi (Marseille): Abdul ya yi gaskiya, sai dai a tafi da sassafe. Hanyar siririya ce, ta bi gefen dutse, maigidanki ya tuƙa a hankali. A kuma kiyaye haƙƙin masu wuri, gidan ibadarsu ne, ba a son hayaniya. Kada yara su kutsa cikin gona, amfanin wani ne, ga ƙudan zuma cike da furen.

Malam Sani (Aix): Ni ina da ja a kan yawan wuraren da ake shirin jero muku. Kwana huɗu ne, ga tsohuwa, ga zafi. Mutanenmu kan raina zafin Faransa su ce ai mu 'yan Sahel ne, alhali ranar Provence a Yuli tana wuce digiri 35, kuma kan dutse ba inuwa. Wuri ɗaya da safe, a koma gida a yi azahar a huta, wuri ɗaya da yamma. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, lokaci na nan birjik.

In za a zaɓa, ni Roussillon zan sa a gaba, kilomita 10 ne kacal. Tsohon wurin haƙar ƙasar fenti ne. An yi hanya a ciki, gajeriya wajen rabin awa, doguwa wajen awa ɗaya. Gangaren kwarin ja ne jawur kamar marmarar gida, sai kuma ka ga ruwan ɗorawa, ka ga fari, duk a jikin bango ɗaya, ga koren itatuwa a samansu. Ƙasar laushi gare ta kamar an tankaɗe. Kada a sa wa yara fararen kaya ko farin takalmi, kalar ba ta fita da wanki ɗaya. Akwai matakalar katako a farkon shiga, Hajiya za ta iya tsayawa daga sama ta hango, sannan ta zaga garin, wanda gidajensa duk da wannan ƙasar aka shafe su.

Abdul Ɗalibi (Montpellier): Malam, ni na Rustrel ya fi burge ni, wanda suke kira Colorado. Ya fi faɗi, ya fi zama daji.

Malam Sani (Aix): Ya fi faɗi, shi ya sa ban ambace shi ba. Tafiyar ta fi tsawo, ya fi nisa daga Gordes, kuma a lokacin zafi hukuma kan taƙaita shiga dazuzzukan yankin saboda gobara, musamman ranar da mistral, iskar arewa mai ƙarfi, ta taso. Kowace yamma ofishin gwamnan Vaucluse, lardin da Gordes yake, na fitar da taswirar dazuzzukan da za a iya shiga washegari a intanet. Duk mai niyyar shiga daji ya duba kafin ya ɗauki hanya. Kai da kake saurayi je ka Rustrel, su Hajiya Roussillon ya wadatar.

Hadiza Injiniya (Grenoble): Yaya, ba wanda ya yi maganar ruwa, kuma shi ne zai ceci ranakunku. Fontaine-de-Vaucluse bai kai rabin awa ba a mota. Nan kogin Sorgue ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani ƙaton dutse. A 1985 an tura na'ura cikin ramin ta kai zurfin mita 308. A Yuli ruwan ramin yakan ja baya sosai, ba kamar watan Maris ko Afrilu ba da yake ambaliya, kuma wani lokaci akan rufe ƙarshen hanyar saboda faɗowar duwatsu. Amma kogin kansa ya isa dalilin zuwa. Kore ne garau, kana ganin ciyawar ƙasansa tana kaɗawa, sanyinsa wajen digiri 13 ne rani da damina. Ki tsoma ƙafa, kafin minti ɗaya za ki ji ta ɗauke. Hanyar bakin ruwan akwai manyan itatuwa da benci, Hajiya za ta ji daɗinta fiye da ko'ina. Akwai kuma wurin da ake yin takarda da hannu, ruwa ke juya ƙaton gargaren katako yana daka tsumma. Yara kan tsaya su ƙi tafiya.

Maigida da babban yaron suna iya hayar ƙaramin kwalekwale su gangara zuwa L'Isle-sur-la-Sorgue, kusan kilomita 8. Sai wanda ya iya iyo ake ba wa, don haka ƙaramar ta zauna da ku. Ku biyo su a mota ku tarye su. Alhamis da safe kasuwar garin na ci a bakin ruwa, kuma ba ta kai ta Lahadi cunkoso ba.

Ɗan Damagaram (Avignon): Ga wani abu a ƙofar gidanku da baƙi ke wucewa: ƙauyen Bories, a gindin Gordes. Ɗakuna ne na dutse zalla, ba siminti ba laka, an jera falalen duwatsu kowane layi ya ɗan shigo ciki har suka haɗe a sama suka zama rufi. Akwai ɗakin kwana, garken tumaki, murhun gasa burodi. Ka shiga da tsakar rana ka ji sanyi. Ƙofofin gajeru ne, a sunkuya. Awa ɗaya ta isa.

Mai son tafiyar ƙafa da asuba kuma ya nufi Cabrières-d'Avignon ya ga katangar annoba. An gina ta a 1721 don tare cutar da ta ɓarke a Marseille a 1720, tsawonta kilomita 27, har ɗakunan masu gadi suna nan. Wannan na maigida ne shi kaɗai, ba na Hajiya ba.

Maman Hanifa (Lyon): Kai, Allah ya saka da alheri. Maigida na tambaya, dutsen Ventoux fa? Ya daɗe yana kallonsa a gasar keke ta Tour de France.

Malam Sani (Aix): Ki ce masa da mota, ba da keke ba. Ya haura mita 1,900, daga Bédoin hawan kilomita 21 ne, kuma a kansa ɗan tseren Ingila Tom Simpson ya rasu a 1967. Zuwa da dawowa zai ci muku yini, ga kwana-kwana da ke sa yara amai, ga iska mai sanyi a sama ko a Yuli. Ni da zan bar shi sai wani zuwan. In keke yake so, akwai hanyar Calavon da aka yi a kan tsohon layin dogo, shimfiɗaɗɗiya, ba mota. Tana bi ta Pont Julien, gadar Rumawa da ta haura shekara 2,000, wadda motoci ke bi ta kanta har 2005. Mai shekara 9 zai iya.

Goggo Rabi (Marseille): Batun abinci kar a manta. Gidajen abinci na ƙauye daga 12 zuwa 2 suke ba da na rana, bayan nan sai dare. Ki riƙa tambaya ko an sa giya a miya ko an barbaɗa naman alade a kan ganye, don ba sa ɗaukarsa abin faɗa. Kifi da kayan lambu sun fi kwanciyar rai. Ni dai ki tafi da tukunyarki da yajinki, Hajiya ba za ta yi kwana huɗu a kan burodi da cuku ba.

Maman Hanifa (Lyon): Goggo, kamar kin san ta, har garin kunu ta zo da shi. To mun tsayar: Talata kasuwar Gordes, da yamma Bories. Laraba Sénanque da sassafe, Roussillon bayan la'asar. Alhamis ruwa. Ventoux mun ɗaga. Saura Juma'a, ina maigida zai samu masallaci a hanyar komawa?

Ɗan Damagaram (Avignon): Akwai a Cavaillon, akwai a Avignon, duk a kan hanyarku suke. A Yuli azahar sai wajen biyu saura take shiga, ku kwashe kaya a natse. In ta Avignon za ku bi, ya yi mini magana tun daren Alhamis, sai in jira ku mu tafi tare, Hajiya da yara su huta a gida wajen iyali. Bikin wasan kwaikwayo na garin na ci a watan, kada ya shigo cikin ganuwa da mota.