Tutoriyal ga sababbin ɗalibai: ta ina zan fara ba tare da sakamakona ya faɗi ba?

Ɗan aji uku:

Assalamu alaikum. Malamai da yayye, shawara nake nema. Ina aji uku a ɓangaren kimiyya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, mazauninta na dindindin. Sababbin ɗalibai sun shigo, wasunsu kuma, yawanci 'yan garinmu, sun roƙe ni in riƙa yi musu tutoriyal a MTH 101 (lissafi) da CHM 101 (kimiyyar sinadarai), kyauta. Ina so in yi, don lada da kuma don in saba da tsayuwa gaban jama'a. Sai dai CGPA ɗina, wato matsakaicin makina na duk zangunan da na yi, 3.60 ne a kan yunit 70 (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai), burina kuma in fita da digiri mai daraja ta biyu babba. Mutum nawa ya kamata in ɗauka? Sau nawa a mako, a ina, ƙarfe nawa? Ga kuma wata ƙungiyar aikin sa kai da ke nemana. Za su haɗu kuwa?

Malamin lissafi:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka amsa wa kowa, ɗauki biro mu yi lissafi. Yunit 70 sau 3.60, maki 252 ke nan. Mu ƙaddara wannan zangon ka yi rajistar yunit 20. In ka fito da GPA (matsakaicin makin zangon) 3.00, wato C a kusan kowane kwas, ka ƙara maki 60. Raba 312 da 90, za ka ga 3.47. Ka faɗo ƙasa da 3.50, wadda ita ce iyakar darajar da kake nema. Kafin ka tsaya daidai kan layi sai ka kawo maki 63, GPA 3.15. Iya ratar da ke hannunka ke nan. Kowane B da ya koma C a kwas mai yunit 3 ya cinye maka maki 3, F ɗaya kuwa a irin wannan kwas, maimakon B, maki 12 ne suka tafi, ga kari-oba, wato maimaita kwas ɗin, tana jiranka baɗi.

Sai lokaci. Yunit 20 kusan awa 20 ne na lakca a mako, firaktikal kuma ya fi haka ci, don yunit ɗaya na ɗakin gwaji awa uku ne. Tutoriyal na awa biyu ba awa biyu yake ci ba, huɗu ne: biyu na shiri, biyu na zama. Wanda bai warware tambayoyin da hannunsa kafin ya zo ba, a gaban allo zai maƙale, yara kuma ba sa manta wannan.

Don haka kwas ɗaya za ka ɗauka, ba biyu ba, kuma wanda ka ci A ko B a cikinsa. Ɗayan ka nemo abokin karatunka ya riƙe. Zama ɗaya a mako, minti 90. Tun ranar farko ka faɗa musu cewa mako biyu kafin jarrabawa za ka rufe, don kai ma ɗalibi ne. In ka bari sai lokacin ya zo ka faɗa, za su ce ka gudu ka bar su a tsakiyar kogi.

Zaman farko kada ka taɓa lissafin kwas ɗin ma. Koya musu yadda ake fitar da GPA: 70 zuwa sama A ce mai maki 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, haka har ƙasa, a ninka da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit. Nuna musu cewa wanda ya buɗe da 2.00 a zangon farko, in yunit ɗin zangunan biyu daidai suke, sai ya ci A a komai a zango na biyu kafin ya taɓa 3.50. Da yawansu suna ɗaukan aji ɗaya lokacin hutawa ne bayan wahalar JAMB. Wannan lissafin kaɗai yana farkar da su fiye da wa'azin awa guda.

Malama mai kula da sababbin ɗalibai:

Abin da Malam ya faɗa haka yake. Bari in ɗora a kan yadda zaman kansa zai gudana, don a nan yawancin tutoriyal ke lalacewa.

Mutum shida zuwa takwas. Da zarar sun wuce goma sha biyu, lakca ta biyu kake yi, kuma ai lakcar ce ba su gane ba suka zo wurinka. Amfaninka a kan malamin kwas ɗaya ne tak: kai za ka iya leƙa takardar kowa ka ga daidai layin da ya ɓace. Mai ɗalibai ɗaruruwa a zaure ɗaya ba zai iya ba.

Raba minti 90 ɗin kamar haka. Goman farko, duba aikin da ka bayar makon jiya. Sha biyar, ka yi bayani da misali ɗaya ko biyu a allo, ka ajiye alli. Minti 45 na gaba nasu ne: bibbiyu, suna warware tambayoyi huɗu ko biyar daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kai kana zagayawa. Sai ka ɗaga mutum ɗaya ya yi a allo yana faɗin dalilin kowane mataki da bakinsa. Ragowar lokacin, tambaya uku kowa shi kaɗai, ba leƙe, ka karɓi takardun. Su za su gaya maka abin da za ka fara da shi mako mai zuwa.

Kada ka tambaye su "kun gane?" Eh za su ce, ko don kunya. Ka ce, "To wane, zo ka yi mai kama da ita."

Abin da ke kayar da yara a MTH 101 ba sabon darasi ba ne yawanci, tsohon rami ne daga sakandare: haɗa ɓangarorin lamba masu mabambantan ƙasa, alamar ragewa idan an buɗe baka, ƙa'idojin indis da na log. Ka ba su tambaya goma na matakin sakandare a mako na biyu, za ka sha mamaki, har daga masu kiredit. A CHM 101 kuwa lissafin mol ne, ma'aunin yawan sinadari, musamman mayar da cm³ zuwa dm³. A manta a raba da 1000, amsa ta fito ta ninka sau dubu, yaro kuma ya rubuta ta ya ja layi biyu a ƙarƙashi hankalinsa kwance.

Batun harshe: yi bayani da Hausa, ba laifi ba ne, shi ne ma ribar zaman. Amma tambaya su karanta ta da Turanci, amsa ma su rubuta da Turanci, don haka za ta zo musu a zauren jarrabawa. Ware minti biyar kowane zama a kan kalmomin umarni: wadda ke nufin sauƙaƙa, wadda ke nufin nemo ƙima, wadda ke nufin kawo hujja. Ana asarar maki da yawa a nan. In kuma akwai wanda ba ya jin Hausa a cikinsu, kada a bar shi yana kallon baki.

Ka karɓi jerin darussan kwas ɗin daga wakilin ajinsu, ka riƙa bin bayan malamin da mako guda, kada ka wuce shi. In hanyarka ta bambanta da tasa, nuna musu tasa tukuna, don da ita za a yi makin. Hattara kuma da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhajar karatun jami'o'i mai suna CCMAS a ƙarshen 2022, abin da ke cikin wasu kwasa-kwasai ya sauya wuri. Gwada kowace tsohuwar tambaya da jerin darussan bana kafin ka ba su.

Basakkwace, tsohon ɗalibi:

Ƙane, malamai sun gama da karatu, ni wuri da lokaci za ni taɓa. Wanga gari, daga Maris zuwa Mayu zahi na wuce digiri 40. Tutoriyal bayan Azahar a wanga lokaci ɓarnar yawu ta, rabinsu na gyangyaɗi. Ko dai Asabar da sahe, 8 zuwa 9:30, ko bayan La'asar a tashi kahin Magariba. Na dare kuwa na mazauna hostel na kaɗai. Wanda ka kwana Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo, in anka kai dare, motar makaranta ta bar aiki, sai kabu-kabu, kuɗin kuma ba kowa ad da su ba. Tambayi kowa inda shika kwana kahin ka yanke lokaci. Azumi in ya kama, a maida shi sahe a rage shi zuwa awa guda.

Aji za ka nema, buɗaɗɗe, kuma ka sanar da kodinetan ajinsu ko shugaban sashe da 'yar takarda: suna, kwas, rana, wuri. Amhwaninta biyu: ba mai tashe ku, kuma in wata magana ta taso an san da zamanku. In akwai mata cikinsu, kada su gaza biyu ko ukku, kada a yi zaman mutum guda da kai, kada a yi shi ɗaki. Ba zargi na ba, tsare mutunci na, naka da nasu.

Kuɗi kuma: ka ce kyauta, to shi zan kyauta. Na hoto-kwafi da alƙalamin allo, ɗaya daga cikinsu shi tara, shi rubuta, shi kashe. Kada sisi shi bi ta hannunka. Ƙungiyoyi da yawa a kan naira ɗari biyar sunka watse.

Ɗan aji uku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauki MTH 101 kaɗai, Asabar da safe. Saura abu biyu. Tun yanzu wasu sun fara turo min aikin gida ta WhatsApp da tsakar dare in yi musu, ina jin nauyin in ƙi. Sannan maganar ƙungiyar sa kai ɗin fa?

Malama mai kula da sababbin ɗalibai:

Aikin da za a ba wa maki, kada ka yi wa kowa, ko layi ɗaya. Yana cikin makin gwaji na zango, kuma in takardu takwas suka fito da kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, malamin kwas zai nemi tushen, sunanka ne zai fito. Abin da za ka yi: canza lambobin, ka warware mai kama da ita, shi ya je ya yi tasa. Buɗe zauren WhatsApp ɗaya, duk tambaya a can, kana amsawa sau ɗaya a rana na minti ashirin, misali bayan Isha'i. Wanda ya biyo ka ta gefe, ka ce ya saka a zaure kowa ya amfana. Cikin mako biyu za su saba.

Akwai kuma abin da ba naka ba ne. Matsalar rajista, kuskuren suna a fotal, sauya kwas: kodinetan aji. Rashin lafiya: asibitin makaranta. Wanda kuɗin makaranta ya gagara, nuna masa yadda ake neman rancen NELFUND, asusun lamunin karatu na gwamnatin tarayya, da kuma ofishin harkokin ɗalibai. Wanda ka ga ya daina zuwa lakca, ya rame, ya daina magana, raka shi wurin mai ba da shawara da ƙafarka. Kai yaya ne, ba ofis ba.

Jami'in aikin sa kai:

Ɗan'uwa, lissafin Malam babu gyara, lokacinka ƙalilan ne, amma akwai mafita. Ba sai ka ƙi ƙungiyar gaba ɗaya ba. Abin da za ka ƙi shi ne muƙami. Sakatare ko ma'aji a ƙungiyar ɗalibai aiki ne na kowane mako: taro, wasiƙu, bin mutane bashi. Shiga a matsayin mamba, ka zaɓi aikin da ke da ranar farawa da ranar gamawa.

Misali ba da jini. Mai shekara 18 zuwa sama, mai nauyin kilo 50 ko fiye, lafiyayye, ana ɗibar kusan mililita 450, namiji kuma yana iya maimaitawa bayan wata uku. Awa ɗaya ya isa har da gwaji da hutawa. Ci abinci, sha ruwa sosai, kada ka je ranar da kake da jarrabawa ko da tsakar rana a bazara.

Ko kuma lokacin hutu ka koya wa 'yan sakandare na ƙauyukan da ke kewaye da makaranta, irin su Dundaye da Kwalkwalawa, yadda ake JAMB a kwamfuta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Yaro ya san amsa amma bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, lokaci ya ƙare masa yana neman inda zai danna. Laftof biyu da Asabar huɗu sun isa a nuna musu cewa da maɓallan A, B, C, D ake zaɓar amsa, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya. Fara da shugaban makarantar da mai unguwa, kada ka tara yaran mutane ba da saninsu ba.

Dashen itace kuwa, wanda ƙungiyoyi ke so saboda hoto, ka tambaya tukuna: wa zai yi ban ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu, kuma da me za a kange shi daga awaki? In ba amsa, dogon yaron da aka dasa a Agusta ba zai ga bazara ba.

Ko wanne ka yi, sayi littafi mai shafi 40 ka riƙa rubuta rana, wuri, yawan mutane da abin da aka yi. Na tutoriyal ma haka, har da makin gwajin mako na biyu da na ƙarshe. A ƙarshen zango ka kai wa kodineta ya sa hannu, ka nemi wasiƙa a takardar sashe tun yana tune da fuskarka. Masu ba da tallafin karatu lamba suke so su gani: mutum nawa, mako nawa, me ya sauya.

Malamin lissafi:

Na yarda da wannan, da sharaɗi ɗaya. Ƙanena, sa wa kanka alama tun yau: in makin gwajinka na tsakiyar zango ya gaza rabi a kwas biyu, aikin ƙungiya ya tsaya, tutoriyal ya koma sau ɗaya a mako biyu. Kuma daga mako na shida ka fara ba wa mafi ƙwazo a cikin takwas ɗin minti 15 na bayani a kowane zama, kana zaune a baya kana gyara masa. Makonni biyun da za ka rufe, shi zai riƙe su.