Abin da muka tattauna a kan kwamitin al'umma a binciken maganin ƙanjamau

Jama'a ga ɗan abin da na tsinto a zamanmu na Tudun Wadar Zariya, kan kwamitin mutanen gari da ake kafawa in likitoci za su gwada maganin ƙanjamau ko rigakafinsa.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar yarda. Wani dattijo ya tuno gwajin maganin Trovan na Kano a 1996 lokacin sanƙarau, wanda iyaye suka ce an yi wa ƴaƴansu ba da yardarsu ba, ya ce har yau tabon bai goge ba, shi ya sa tun kafin a ɗauki jinin kowa sai kwamiti ya karanta takardar amincewa, a mayar da ita Hausar da Inna ta cikin Birni za ta gane, wanda bai iya boko ba a karanta masa gaban shaida, kuma a faɗa masa ƙarara yana iya janyewa ko yaushe kuma ba za a hana shi maganinsa ba. Ni dai nan na fi gamsuwa wallahi.

Su wa za a saka a kwamitin? Ba masu unguwa da limamai kaɗai ba, dole da masu ɗauke da cutar, da mata, da matasan Samaru da Sabon Gari, har fastoci. Wata nas ta ce a Kamaru an dakatar da gwajin maganin ƙanjamau na tenofovir a 2005 bayan ƙorafin ƴan gwagwarmaya, don haka a nemi shawarar jama'a tun ana tsara aikin.

Sirri kuwa ba wasa, ɗan kwamiti ba ruwansa da sunayen waɗanda suka shiga gwajin, kun san Zariya kowa ya san kowa. Kuɗin motar masu shiga gwajin a ba da daidai gwargwado kar ya zama tarko ga talaka, in an gama kuma a dawo a faɗa mana sakamako ko da maganin bai yi aiki ba.