Kwas ɗin ETAT: inda ake faɗuwa a jarrabawa da inda ake kuskure a bakin gado

Sabuwar Nas

Assalamu alaikum. Waɗanda suka yi kwas ɗin ETAT na taimakon gaggawa ga yara, don Allah a ba mu haske kafin mu shiga. Me ake koyarwa, a ina mutane suka fi faɗuwa, kuma satifiket ɗinsa ɗaya ne da na PALS?

Mai Horarwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sun bambanta. PALS, kwas ɗin ceto ran yara, na ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ne, duk shekara 2 ake sabunta satifiket ɗinsa, kuma an tsara shi ne don asibitin da ke da na'urori. ETAT na WHO ne, littattafansa sun fito a 2005, tushensa kuma aikin da Farfesa Elizabeth Molyneux da abokan aikinta suka yi a asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi. Da suka gyara yadda ake karɓar yara tun daga ƙofa, mace-macen yaran da ake kwantarwa ya sauko daga kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari ya koma kashi 6 zuwa 8. Kwas ɗin kwana uku da rabi ne. A Kenya an faɗaɗa shi ya zama ETAT+ na kwana 5.

Ginshiƙinsa tantancewa cikin daƙiƙa 15 zuwa 20, da ido da hannu kawai: wannan a taimake shi yanzu, wannan a shigar da shi gaban layi, wannan zai iya jira. Jerin ba ya canzawa: hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, suma, jijjiga, ƙarewar ruwan jiki. Da kin ga alamar gaggawa ɗaya, ki kira taimako ki fara aiki. Rubutacciyar jarrabawa ba ta cika ka da mutane ba. A ta aiki ake zubewa: an ajiye mutum-mutumi an ce ba ya numfashi, sai ɗalibi ya juya yana tambayar uwa kwana nawa yaron ya yi yana zazzaɓi.

Nas ta ɗakin jarirai

Gaskiya ne Malam, kuma Ambu, jakar nan mai marufin fuska da ake matsawa don tura wa yaro iska, ita ce ta fi ba da kunya. Ƙeyar jariri babba ce, in ya kwanta rigingine haɓarsa na faɗawa kan ƙirji, hanyar iska ta toshe. A naɗe zani a sa ƙarƙashin kafaɗu har fuska ta kalli sama daidai, kada a lanƙwasa wuya baya kamar na babba. Marufin ya rufe hanci da baki, kada ya hau ido, kada ya wuce haɓa. Idon mai jarrabawa na kan ƙirjin mutum-mutumin: in bai ɗaga ba, ba ki yi komai ba, ko sau nawa kika matsa. Ki gyara kai, ki gyara zaman marufi, ki duba baki, sannan ki sake.

Matiron

Ni abu biyu nake so ku haddace kamar karatun allo, domin a damina su ne abincinmu na kullum: sukari da diazepam, maganin tsayar da jijjiga.

Duk yaron da ya suma ko yake jijjiga a auna sukarinsa. Ƙasa da 2.5 mmol/L ya yi ƙasa, ga mai tamowa kuwa ƙasa da 3. In babu abin awo, a ba shi kawai. Ma'auni mil 5 na D10, wato ruwan sukari mai kashi 10 cikin ɗari, ga kowane kilo ta jijiya. Matsalar ita ce sau da yawa D50, mai kashi 50 cikin ɗari, ke cikin kabad, kuma D50 tsagwaronsa yana ƙone jijiyar yaro. A haɗa kashi 1 na D50 da kashi 4 na ruwan allura. Yaro mai kilo 10: mil 10 na D50, mil 40 na ruwa, mil 50 ke nan. In jijiya ta ƙi samuwa, a jiƙa ƙaramin cokali na sukari a sa ƙarƙashin harshe kafin a samu.

Diazepam ta dubura, mil 0.1 ga kowane kilo daga kwalbar nan mai miligiram 10 cikin mil 2. A zuƙa da sirinjin mil 1, a cire allurar, a tura santimita 4 zuwa 5, a matse ɗuwawun na 'yan mintuna, in ba haka ba ya dawo waje. Bayan minti 10 in bai lafa ba a sake. Kada a wuce sau biyu, domin yana danne numfashi, kuma ku tambaya ko an riga an yi masa a kemis ko a asibitin da ya turo shi. Jaririn da bai kai mako 2 ba phenobarbital ake ba shi, miligiram 20 ga kilo.

Jami'in lafiya daga karkara

Hajiya Allah ya saka. Tambayata kan ƙarin ruwa ce. Mu an koya mana mil 20 ga kilo da sauri ga yaron da jininsa ya daina zagayawa sosai, yanzu kuma ina jin wasu na cewa a'a. Wanne za a amsa a jarrabawa?

Likitan Yara

Ranka ya daɗe, abin da aka koya maka shi ke cikin ƙaramin littafin aljihu na WHO na 2013. A 2011 aka fitar da sakamakon gwajin FEAST da aka yi a Uganda da Kenya da Tanzaniya kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani: cikin awa 48, kusan kashi 10.5 na waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun rasu, waɗanda ba a ɗura wa ba kashi 7.3. A 2016 WHO ta gyara ƙa'idar ETAT. Sai alamu uku sun haɗu: hannu da ƙafa sun yi sanyi, an danna farce an saki jinin ya wuce daƙiƙa 3 bai dawo ba, bugun jini kuma mai sauri ne marar ƙarfi. Sannan a ba da mil 10 zuwa 20 ga kilo cikin minti 30 zuwa 60. Mai alama ɗaya ko biyu ba a yi masa wannan ɗurin. Ka tambayi masu kwas ɗin tun ranar farko wanne suke bi, amma a bakin gado na 2016 nake bi.

Kada a ruɗe da masu gudawa da ruwan jikinsu ya ƙare sosai. FEAST bai haɗa da su ba, nasu tsarin yana nan: mil 100 ga kilo na ruwan jijiya na Ringa (Ringer's lactate), ɗan ƙasa da shekara 1 mil 30 ga kilo cikin awa 1 sai 70 cikin awa 5, wanda ya fi haka mil 30 cikin rabin awa sai 70 cikin awa biyu da rabi.

Abin da ya fi damuna a wajenmu tamowa ce. Kafin ka rataya leda, danna bayan ƙafafu biyu, auna dantse. Ƙasa da santimita 11.5 ko kumburi, zuciyar yaron ba za ta ɗauki wancan ruwan ba. Shi ta baki ko ta robar hanci ake ba shi ReSoMal, ruwan gishiri da sukari na masu tamowa, mil 5 ga kilo duk rabin awa na awa biyun farko. Ruwan jijiya sai in alamun nan uku sun haɗu kuma ya galabaita ko ya suma, mil 10 zuwa 15 ga kilo cikin awa guda, ana ƙirga numfashi da bugu duk minti 5 zuwa 10. Numfashi ya ƙaru da 5 a minti, bugu da 15, a tsayar. Wanda tafin hannunsa ya yi fari fat kuma jini yake nema, a aika ɗakin gwaji tun da wuri.

Mai Horarwa

Likita ya gama magana. Ƙanwata, wanda ba a jarrabawa a kai shi ne bayan kin dawo. Mutum biyu sun yi kwas, an sauya musu sashe, shi ke nan an koma gidan jiya. Yaron da ke mutuwa a layi, mai gadi da mai yankan kati ne suka fara ganinsa, don haka su ma a koya musu alamu: jijjiga, suma, numfashi da ƙyar, jariri ɗan ƙasa da wata 2. A ware tire guda da ba a taɓawa sai gaggawa, a duba shi duk canjin aiki, a manna takardar ma'auni bisa kilo a bango. Hannu yana mantuwa cikin 'yan watanni, shi ya sa atisayen minti 15 duk mako da mutum-mutumi ya fi a jira sabon kwas.

Matiron

A ƙara da allurar ƙashi a tiren, Malam, wadda ake ba da ruwa ta cikin ƙashi in jijiya ta ƙi samuwa. Mutane na ɓata rabin awa suna neman jijiya a hannun yaron da ya bushe. Ƙashin ƙauri, santimita 1 zuwa 2 ƙasa da tudun da ke ƙarƙashin gwiwa, ta gefen ciki inda yake a shimfiɗe. A murza a hankali har a ji ta faɗa, ta tsaya da kanta. A tura mil 5 na ruwan gishiri na allura (normal saline) a duba sha-raɓar ƙafar: in ya kumbura ta fita daga ƙashi, a cire a koma ɗaya ƙafar. Sukari da ruwa da jini duk suna shiga ta nan.