DataReader ko DataSet: wanne ya taɓa sa ku zufa?

Daga Samaru: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wa wata makaranta manhajar sakamakon jarrabawa da yaren shirya manhaja C# da rumbun bayanai na SQL Server. In riƙa karanto bayanai da DataReader ne, ko in kwaso su cikin DataSet? Wanda ya taɓa shan wuyar ɗaya ya ba mu labari.

Daga Sabon Gari: Wa alaikumus salam, ƙanena. DataReader shan ruwa ne a bakin famfo, dole famfon, wato haɗi da rumbun bayanai, ya zauna a buɗe har ka gama. Jeri ɗai-ɗai yake miƙo maka, ba ya komawa baya, ba a kuma gyara komai a cikinsa. Sauri kam akwai. Ni a wani kantin magani ya kama ni. Na manta ban rufe haɗi ba a wurin binciken kaya, alhali SqlClient, mai haɗa manhaja da SQL Server, iyakar haɗi 100 yake bari a lokaci ɗaya in ba ka canza ba. Kafin la'asar sun ƙare. Duk dannawa sai a jira daƙiƙa 15 sannan saƙon kuskure ya fito, ga mutane riƙe da takardar likita har bakin ƙofa. Tun ranar ba na buɗe haɗi sai cikin using, umarnin C# da ke rufe shi da kansa in an gama.

Daga Tudun Wada: Yaya, ni kuma jarka na fi so, wato DataSet. Umarnin Fill zai buɗe haɗi, ya cika DataSet, ya rufe. Ko netwok ya ɗauke, malama na ci gaba da shigar da maki, sai daga baya a kira Update ya mayar da gyaran rumbun bayanai. To amma ruwan jarka yana kwana. Malamai biyu suka kwafi aji ɗaya da safe, ɗaya ya gyara makin wata yarinya daga 46 zuwa 64, ɗayan ya adana nasa da yamma, tsohon makin ya dawo. UPDATE ɗin da na rubuta lambar ɗaliba kawai yake dubawa, shi ya sa ko kuskure bai nuna ba. Har aka buga katin da 46, abin ya dame ni ƙwarai. Da na sa rowversion, lambar da ke canzawa duk sanda aka gyara jeri, cikin sharaɗin, saƙon kuskuren DBConcurrencyException ya fara tare irin wannan.

Daga Kongo: Kada dai ka kwaso teburin gaba ɗaya. Na yi haka a laftof mai RAM 4GB, ta daskare. Aji ɗaya, zango ɗaya ya isa.

Daga Samaru: Na gode ƙwarai. Buga kati zan ba DataReader, shigar da maki DataSet. Anti ta Tudun Wada, in kuskuren nan ya fito, me kike nuna wa malamin?