Wanda ya yi kisa cikin hauka: gidan kaso ko asibiti?

Lawali: Salamu alaikum jama'a. Jiya gardama ta kaure a fadarmu ta unguwar Zariya har shayi ya huce. Ni na tsaya kan cewa duk wanda ya sari mutum a kai shi kaso, da hankalinshi ko babu. In aka buɗe ƙofar "ai taɓaɓɓe ne", gobe kowane ɓarawo sai ya yage riga ya kama surutai gaban alƙali.

Malam Isufu: Wa alaikumus salam. Lawali ɗana, bi a hankali. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har hankalinshi ya komo. Kuma a Muwaɗɗa, littafin Imamu Malik, Marwan gwamnan Madina ya rubuta wa Mu'awiya kan mahaukacin da ya yi kisa, amsa ta zo cewa a tsare shi amma ba a yi mashi ƙisasi.

Lawali: Allah gafarta Malam, to 'yan tiramol fa? Su ma ai ba su cikin hayyacinsu.

Malam Isufu: Wannan daban. A littafin dai, da aka tambayi Mu'awiya kan wanda ya yi kisa cikin maye, cewa ya yi a kashe shi. Da hannunshi ya gusar da hankalinshi.

Nana Hadiza: Kawu Malam, dokar ƙasa ma kusan haka ta ce. Kundin laifukan da Nijar ta kafa a 1961 ya gaji ƙa'idar sashi na 64 na dokar Faransa ta 1810: babu laifi idan mutum yana cikin hauka lokacin da ya aikata abin. Lokacin aikatawa ake dubawa, Lawali, kuma likitan ƙwaƙwalwa alƙali ke sa wa ya duba shi. Yage riga a kotu ba ya isa.

Hajiya Rabi: Ku kuna ta littafi, ni a gidana abin ya faru. Ƙanena ya yi sati biyu ba magani don kuɗi sun yanke. Ya fita ba takalmi, ya farfashe gilashin motar wani bawan Allah a tasha. Kafin labari ya iso mu ya sha duka, kuma ya kwana uku a kulle. Da na kai mashi fura na iske shi a lungu yana hira da bango, leɓenshi a fashe. Katin asibitinshi na cikin jakata, ba wanda ya ce in nuna. Daga baya muka kai shi Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, ɗaure da rawanin mijina cikin mota. Yau yana ɗinki a kasuwa.

Lawali: Allah ƙara sauƙi, Hajiya. Amma gilashi ne wannan. In rai ne fa? Dangin mamaci su koma gida hannu biyu, gobe su gamu da shi yana yawo cikin unguwa?

Malam Isufu: A fiƙihu ba hannu biyu ba ne, akwai diyya a kan danginshi. Kuma Mu'awiya tsarewa ya ce, bai ce a saki ba.

Baba Sani: Tsarewa a ina, Malam? A zamaninmu mari ake sa mashi a zaure, ko a kai shi wajen 'yan bori. Yanzu in an ce kar a sa mari, kar a kai kaso, wa zai riƙe shi?

Nana Hadiza: Baba, asibiti mana, da umarnin hukuma, har likita ya ce ya samu sauƙi.

Hajiya Rabi: Wa ke biyan maganin, 'yata? Akuyoyina biyu suka tafi.

Lawali: Ni dai ban sauka ba tukuna. An kira magariba, sai bayan salla.